Sittin da Huɗu

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Na zalunci wata mata da alƙalami, kuma ban sani ba sai yau. Ina rubuta shi nan tun kafin zuciyata ta samo mini uzuri, domin na san halinta.

Shekaranjiya Asabar aka yi gasar karatun matan aure ta makarantun Islamiyyar yankinmu, izu goma. Mu uku muka yi alƙalanci: Malam Jibrin shugaban kwamiti, ni a tsakiya, sai Malama Hafsatu. Kowace mai karatu takardar maki ɗaya gare ta, kamar yadda aka saba tun da aka fara gasar. Malam ya rubuta nasa bisa ɗari, ya turo mini, in rubuta nawa a ƙarƙashi, in tura wa Hafsatu. Wadda ta zo ta ɗaya ita kaɗai za a kai Birnin Kebbi.

Wadda ta fara hawa tabarma Altine ce, matar wani masunci Idi, daga wani gungu, tsibiri a tsakiyar tafki, can wajen Ngaski. An sa ta farko saboda jirgin ruwan da za ta koma gida a ciki. Sana'arta bandar kifi, ƙaurin hayaƙi ma ya riga ta shigowa. Ta karanta har ta sauka Malam bai taɓa ƙararrawar gyara ba ko sau ɗaya. Duk da haka takarda ta iso gabana da sittin a kanta. Na ɗauka ya ji abin da ban ji ba, sai na shiga neman aibin, kuma na same shi: na ce harshen gungu ne ya yi mata nauyi. Na ce a raina Malam dai ya matsa mata, na rubuta sittin da huɗu. Hafsatu ta rubuta sittin da uku.

Can baya Yasira ta hau, ɗiyar ƙanena Hamza, wadda na karantar tun tana riƙe allo a juye. Malam ya ba ta casa'in. Na rage huɗu don kada a ce gwaggo ta yi son kai. Ita ta zo ta ɗaya. Na koma gida ina jin daɗin kaina: na ƙara wa bare, na rage wa jinina. Har nafilar godiya na yi.

Yau da hantsi Hafsatu ta zuba karatun kowa a zauren malamai na waya, babu sunaye. Ina tsintar shinkafa ina saurare. Wata murya ta tsayar mini da hannu. Kowane harafi daga mafitarsa, ja daidai gwargwado, numfashi yana ƙarewa inda ma'ana ta ƙare. Na ce wace ce wannan, kuma ina nake da ta karanta? Sai a ƙarshe na ji muryar Malam yana cewa, "To, Altine, a sauka lafiya, kada jirgi ya tashi."

Na shekara ashirin da biyu ina tsoratar da mata kan tauye mudu.

Na ɗaukar wa Allah alkawari: ranar raba kyaututtuka, tara ga watan gobe, zan miƙe a gaban mata duka in faɗi da bakina makin da ya cancanci Altine, in faɗi cewa ita ce ta ɗaya.

Talata, 15 ga Oktoba

Na zauna da farar takarda in sake aunawa tun daga tushe. Saurare na farko, saba'in da biyu. Na biyu, saba'in da biyar. Na tsaya na tambayi kaina: ashirin da biyar ɗin da na cire, a ina ta zubar da su? Ban iya nuna ko aya ɗaya ba.

Jiya da ban san ko wace ce ba, da an tambaye ni da na ce casa'in da wani abu ba tare da shakka ba. Yau da na sani, daga sittin nake tasowa, ina hawa da kyar kamar mai hawan gangaren bakin ruwa da tulu a ka, kuma kowane taki sai na ji kamar alheri nake yi mata. Lambar nan ta zauna mini a ka, ta ƙi tashi. Ban zaɓe ta ba, ban yarda da ita ba, amma daga wurinta nake awo.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Shinkafa ta sake kwana a tukunya. Mu biyu ne a gidan nan shekara shida ke nan, ni da Inna, amma hannuna yana fara ɗebo ta mutum bakwai, in rage kaɗan, in ce na yi tsimi.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bayan la'asar na je gaida Gwaggo Hawwa, wadda ta karantar da ni. Idonta ya tafi, kunnenta yana nan. Ban gaya mata komai ba, na kunna mata karatu biyu, na ce ta ba kowane maki.

Na Altine ta sa na maimaita. Sannan ta ce, "Wagga ba a rage mata komi, sai dai don kada kanta ya kumbura. Casa'in da biyar. Ɗiyar wane malami ce?"

Na ce matar masunci ce.

Ta ce, "To, masunci ya yi kamu."

Na Yasira ba ta bari ya ƙare ba. "Tamanin. Tana gudu wurin ja kamar an biyo ta. Taki ce ko, Zulai'atu? Na ji hannunki. Ke ma haka kike tun kina yarinya, kullum kamar kin aza tukunya a wuta."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi ƙarya sau biyu yau, da gangan, don in gane ko cutar tawa ce ni kaɗai.

Malamai biyu na makarantarmu, kowace na ja ta gefe na kunna mata karatun Altine. Ta farko na ce mata, an ce wannan ta sami hamsin da biyar, ke me kika gani? Ta ce an zalunce ta, ai ta kai saba'in. Ta biyu na ce mata, an ce wannan ta sami casa'in da takwas. Ta ce an cika mata da yawa, casa'in da biyu ya ishe ta. Murya ɗaya, waya ɗaya, inuwar darbejiya ɗaya. Kowace kuma ta tafi tana ganin ta yi gyara, ta ƙi bin abin da aka ce.

Na yi zaton zan sami sanyi in na ga ba ni kaɗai ba ce. Abin da na samu shi ne zunubi biyu a kan na da. Astagfirullah.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na sami Malam Jibrin a zauren makarantarsa. Na kunna masa, ya saurara yana kaɗa kai, ya ce ma sha Allah, wace ce? Da na gaya masa bai ko motsa ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wane kuskure ka ji har ka ba ta sittin?"

Ya ce, "Kuskure? A'a. Ni hwa Malama, duk wanda ya fara hawa, sittin nike ba shi. In ka ba na farko casa'in, na baya ya zo ya fi shi, ina za ka sa shi? Wuri akan bar ma na baya. Haka munka taras ana yi."

Na ce to in an gama ana komawa a gyara na farkon?

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ana komawa a gyara sallar bara.

Wato lambar da na tsaya a kanta na yi awo, na yi nafila a kanta, ba ta Altine ba ce sam. Ta layi ce. Da akuya ta fara hawa tabarmar, sittin za ta samu. Da Yasira ce ke da jirgin kamawa, da yau ita ce 'yar sittin da huɗu, kuma da na koma gida ina yabon kaina cewa ban yi son kai ba.

Ya ce zai kira kwamiti, "don a rufa ma kowa asiri." Da zan fita ya ce, "Nawa kike so a ƙara mata? Biyar? Goma?"

Na ce ba ƙari nake nema ba. Ya ce to mene ne? Na yi masa sallama na fita.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yasira ta zo nuna mini hijabin da mijinta ya ɗinka mata na tafiya. Ruwan toka, har ƙasa. Ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ni na Malam Jibrin bai dame ni ba. Tamanin da shidan nan naki shi na sa Baba ya rubuta mini a bangon littafi. Ke da ba ki taɓa ba kowa sama da saba'in ba a aji."

Na ce ta rage gudu wurin ja. Ta ce to. Na ce hijabin ya yi kyau.

Inna daga ɗaki ta ce, "Zulai, yau kin yabi tufa? Ko ba ki da lafiya?"

Talata, 29 ga Oktoba

Ina da shekara bakwai Baba ya ce wa baƙonsa, a gabana, "Wagga kanta da nauyi, amma tana da naci." Yau ina da hamsin da ɗaya. Na sauke, na haddace, na karantar da mata sun fi ɗari uku, kuma har yanzu in aka yabi karatuna sai in ce a raina, naci ne. Ban taɓa tambaya ko ya auna kafin ya faɗa ba. Wataƙila shi ma wuri yake bar wa Hamza.

Allah ya jiƙansa. Bai kamata in rubuta wannan ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na shiga jirgin ƙarfe bakwai zuwa gungun su Altine. Rabona da hawa ruwa tun rasuwar maigidan. Tafki ya cika har ya shanye gindin itatuwa, na riƙe katako da hannu biyu har muka sauka, matan da ke ciki suna ta yi mini sannu kamar mai naƙuda.

Na same ta a rumfar banda, tana juya tarwaɗa a kan waya, ido jawur. Ta shimfiɗa mini buhu, ta yi ta ba da haƙuri kan hayaƙi. Na tambaye ta me ya sa ba a gan ta a makaranta ba mako uku, domin malamarta ta gaya mini.

Ta ce, "Na aje, Malama. Shekara huɗu Idi na tuƙa ni duk Asabar da Lahadi, kwana biyu ba shi kamu, ni ba ni banda. Mun yi da shi in je a auna ni, in na kai in ci gaba, in ban kai ba in san matsayina. To an auna."

Na gaya mata duka. Takarda ɗaya, sittin na layi, huɗun da na ƙara, abin da Gwaggo Hawwa ta ce. Ban taɓa ƙasƙantar da kaina a gaban ɗaliba haka ba. Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni. Na fi son ta zage ni.

Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu. Ta ce, "Malamai uku sunka zauna, da tabarau da komi. Kina cewa duk ukun ba su ji ba?"

Na ce ɗaya bai auna ba, biyu sun bi shi.

Ta ce, "Casa'in da biyar dai ya yi yawa, Malama. Tausayina kike ji. In an ce saba'in, to, sai in ce ko."

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Ita ma daga sittin take tasowa. Mun ba ta lambar, ta kai ta gida, ta ajiye ta inda take ajiye Alƙur'aninta, ta naɗe su tare a tsumma ɗaya ta rataye.

Idi ya shigo da raga a kafaɗa, ya gaishe ni daga nesa. Da ya ji zancen ya ce, "Ni na ce mata ko kifi ba a saye a bakin mutum na farko. Ta ce in yi shiru, ni ko Fatiha sai da gyara."

Na roƙe ta ta zo ranar tara. Na ce akwai maganar da zan yi, ina so ta ji da kunnenta. Ta ce in Allah ya yarda. Ta cika mini leda da kifi, na ƙi, ta sa a jirgi da kanta.

Talata, 5 ga Nuwamba

Kwamiti. Mutum bakwai.

Na shiga da casa'in da biyar a bakina. Malam ya buɗe da addu'a, sannan ya ce, "Abin da ke rubuce sittin da biyu ne in an raba. Mu ga abin da za a iya yi a kai." Daga nan duk maganar ta koma ta ƙari. Wani ya ce biyar. Hafsatu ta ce goma, kanta a ƙasa. Na ce a kawo mutum uku da ba su san komai ba, a kunna musu karatun duka babu suna, kowa da takardarsa. Aka ce an riga an aika sunan Yasira, kuma in aka buɗe wannan ƙofa kowace mata za ta zo da wayarta.

Na yi ta ja har aka kai saba'in da takwas. Ta huɗu ke nan, za a ba ta takardar yabo.

Abin da ba zan gaya wa kowa ba: da aka ce saba'in da takwas, na ji daɗi. Na ji na ƙwato mata goma sha shida. Sai da na kai ƙofar gida na tuna an ƙwace mata goma sha bakwai, da kujerar mota zuwa Birnin Kebbi, kuma da hannuna na sa a takardar.

Saura alkawarina. Wannan ba ya bukatar kwamiti.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Hamza ya aiko da buhun shinkafa, wai na godiya. Na rubuta abin da zan faɗa gobe, jimla uku. Na haddace su.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An cika filin makaranta. Hamza a layin gaba na maza da sabuwar hula. Yasira cikin ruwan tokarta. Altine can baya kusa da randunan ruwa, ta zo, da goyo, ta biya jirgi ta bar banda saboda na ce ta zo.

Na gaya wa Malam tun da safe ina da magana. Da lokaci ya yi ya ɗauki lasifika ya ce, "Malama Zulai'atu na da 'yar gajeruwar nasiha, minti biyu, kan ƙoƙarin da 'yar'uwarmu ta gungu ta yi, don a ƙarfafa ma irinsu."

Na miƙe. Jimlolina uku suna nan, ban manta ko harafi ba. Amma ya riga ya ce nasiha, ya ce ƙoƙari, ya ce irinsu, fuskoki duka sun shirya jin wannan, sai na ji abin da na zo da shi ya yi nisa ƙwarai da inda aka ajiye ni. Na fara daga inda ya tsaya, da niyyar in hau a hankali. Na ce Altine ta yi ƙoƙari. Na ce ta fi ƙoƙari ma. Na ce a gaskiya karatunta ya fi abin da muka ba ta, kuma mu alƙalai mutane ne, muna kuskure. Aka yi kabbara. Na dubi Yasira, tana murmushi tana gyaɗa kai, tana alfahari da adalcin gwaggonta.

Na ce Allah ya ƙara mana ikhlasi. Na zauna.

Ban faɗi lamba ba. Ban ce ita ce ta ɗaya ba.

Mata suka yi ta zuwa suna riƙe mini hannu, wai ba a taɓa jin alƙali ya faɗi haka ba. Malam ya ce na yi dattako.

A bakin ƙofa Altine ta tsaya da takardar yabonta a naɗe kamar tabarma. Ta ce, "Na ji, Malama. Kin yi ƙoƙari."

Ba da gatse ta faɗa ba. Na duba fuskarta da kyau, na so in sami gatse.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Azumin kaffara, rana ta uku. Inna ta ce wace rantsuwa na karya, na ce tsakanina da Ubangijina ne. Ta ce, "Shi dai ya sani, mu ma da muke dafa abin buɗa baki a gaya muna."

Azumi yana biyan abin da ke tsakanina da Shi. Bai kai kowa Birnin Kebbi ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yasira ta tafi da safe. Na yi mata addu'a, kuma da gaske na yi. Ba ta da laifi. Ban gaya mata ba, ban san ko zan taɓa gaya mata ba.

Na ɗauki almakashi na raba sauran takardun maki gida uku, kowane alƙali da tasa, na kai wa Malam. Ya ce za a duba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na sake shiga jirgin ƙarfe bakwai. Kifin Inna ya ƙare, kuma na gungu ya fi na kasuwa, wannan ne dalili.

Tun da na je, na ce wa Altine haddata ta fara zuba, ba ni da mai saurare na, ko za ta riƙe mini. Ta ce ita wa, ta riƙe wa Malama? Na ce ba maki za ta ba ni ba, kunne kawai. Ta wanke hannu sau uku, ta sauko da tsumman daga inda ta rataye shi. Ƙura ta hau shi.

Na karanta. Ta tsayar da ni sau biyu. Na farko ta yi ta ba da haƙuri. Na biyu ba ta ba da ba, ta ce, "Kin yi gudu wurin ja. Sake." Na sake. Ta ce, "A'a, ji nan," ta rufe littafin ta karanta mini ayar, ta wuce ta gaba, ta wuce ta gaba, har tarwaɗa ta fara ƙonewa Idi ya zo da gudu yana cewa malamai biyu sun taru sun ƙone masa kamu.

Ba ta ce za ta koma makaranta ba. Ban tambaya ba.

Da na dawo na auna shinkafa. Na zuba gwangwani ɗaya a tukunya wadda babu komai a cikinta, na tsaya na duba, na ga ya isa.

Alkawarin da na ɗauka ranar sha huɗu ga Oktoba, ban cika shi ba. Na rubuta a nan don kada wata rana in tuna kabbarar da aka yi in ɗauka na cika.

Altine ta ce in zo da wuri Asabar mai zuwa, kafin ta hura wuta.